Limamin Marasa Addini a Hanyar Abuja

Wata rana, wata baiwar Allah mai suna Rifkatu ta hau hayis daga Malumfashi za ta Abuja.

Shekara shida ke nan da ta gama karatun jinya, tana zaune a gida ba aiki. Sai ga sunanta ya fito a wata ma'aikata, aka ce kowa ya kai takardunsa a tantance, ƙarfe huɗu na yammacin ranar za a rufe. Wanda bai zo ba, gurbinsa ya zama na wani.

Motar ta daɗe ba ta cika ba a tasha, amma da Rifkatu ta duba agogo ta ga da sauran lokaci.

Wajen biyu saura kwata suka iso Tafa. Direba, wani dattijo da ake kira Malam Tanko, ya gangara gefen titi ya ce a sauka a yi salla.

Rifkatu Kirista ce, amma ta san hanya. Ta san sallar matafiyi ce, a haɗa Azahar da La'asar, raka'a biyu-biyu, minti goma an gama. Ko a jikinta. Har ta shirya sayen ayaba ta taga.

Ashe ana wata ga wata.

A kujerar bakin ƙofa akwai wani mutum mai tabarau da jakar kwamfuta. Kun dai san hayis, na bakin ƙofa shi ke ja wa mutane ƙofar su fita. To shi wannan sai ya dafe marfin da hannu ya ce ba mai sauka.

Ya ce wannan motar haya ce, ba masallaci ba. Ya ce shi bai yarda da kowane addini ba, don me za a tsare shi a titi saboda imanin wasu? Mai son ibada ya yi a ɗakinsa.

Da a nan ya tsaya, da da sauƙi. Ina! Bawan Allah ya gyara zama ya buɗe babi. Ya kawo sunayen manyan malamansu na ƙasashen waje, ya jawo maganganunsu da ka, har da lambar shafi. Duk wanda ya yi tari sai ya nuna shi da yatsa ya ce, kai ma kana cikin duhu.

Su ma fasinjojin, wallahi sun ba ni haushi. Maimakon su lallaɓa su bi ta ƙofar gaba su yi sallarsu, sai kowa ya zama malami. Wannan ya jawo aya, wancan ya ce sai ya musuluntar da shi kafin Zuba. Wani har ya fara naɗe hannun riga, sai da Malam Tanko ya zagayo ya tsaya a tsakani yana ba da haƙuri.

Biyu da kwata. Biyu da rabi.

Rifkatu na rungume da fayil ɗinta, zufa na bin bayanta. Ta ce don Allah a yi haƙuri tana sauri, ba wanda ya ji ta. Ta sake faɗa, muryarta ta nutse a cikin hayaniya. Ranta ya ɓaci.

Can sai ta miƙa hannu ta taɓa kafaɗar mai tabarau.

"Malam, don Allah a wane masallaci kake limanci?"

"Ni? Ba ki ji ba ne? Na ce ba ni da addini."

"To ni dai ba sallar nan zan yi ba, Kirista ce ni. Amma nasu limamin raka'a biyu zai yi ya sallame. Kai yau minti arba'in da biyar kana huɗuba, ka tare ƙofa, ba ka sallame mu ba."

Kowa ya juyo yana kallon mai tabarau.

Mutumin ya dube ta. Sannan ya janye hannunsa daga ƙofar.

Aka sauka aka yi salla. Rifkatu ta duba agogo: minti tara cif.

Malam Tanko ya taka mota iya ƙarfinsa, amma cunkoson shiga gari ba ya jin magiya. Da za ta sauka, mai tabarau ya miƙo mata wani ɗan kati, wai ya ga tana da kaifin tunani. Ba ta ko duba ba ta cusa a fayil ta tari ɗan acaɓa.

Huɗu da minti ashirin da biyar ta isa. Ƙofa a rufe. Mai gadi ya ce masu tantancewar sun tattara sun tafi, ba abin da zai iya yi mata.

Ta zauna a bakin kwalbati ta yi kuka mai isarta. Shekara shida!

Da ta buɗe fayil ɗin don ta gyara takardunta, katin ya faɗo. Gayyata ce zuwa taronsu na masu 'yancin tunani. Duk mako ake yi, kuma an ja layi a ƙarƙashin cewa kada a makara.

Ranar Lahadi, ƙarfe goma na safe.

Darasi: Rashin addini ma yana iya zama addini, da malamansa, da wa'azinsa, da masu tsananinsa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ka yarda ko kada ka yarda, wannan tsakaninka da zuciyarka ne, amma kada ka tare wa mutane ƙofa. Ku kuma masu ibada, ba kowace gardama ce taku ba, ku yi abin da ya tsayar da ku ku wuce. Sau da yawa wanda ke biyan kuɗin musunku yana kujerar baya, ba mai jin muryarsa.

Ka tura wa wannan abokin naka da ba ya barin musu ya wuce shi, ko ta wane ɓangare yake.