Mutumin da Ya Dawo wa Inna Hure da Muryar Autanta

Idan aka sallame sallar asuba a unguwarmu da ke gefen Watari, Malam Kamaruddeen ba ya komawa barci. Yakan zagaya fadamarsa ya duba albasa, ya dawo da laka a takalmi. Sai hantsi ya ɗaga, sola ta kawo wuta, sannan ya shimfiɗa tabarma a soro ya buɗe kwamfuta. Masu wucewa su ce, "Malam, ana ta danne-danne?" Ya ce, "Ana yi." Da yawansu har yau mai gyaran rediyo suka ɗauke shi. Abin yana ba ni haushi, shi kuwa ko a jikinsa.

Ga ainihin aikinsa. Kun san 'yar rediyon nan mai sola da wata ƙungiyar manoma ta raba a ƙauyukanmu, wadda ake sa wa memori a saurari darasin noma ko tafsiri ko waƙa. A cikinta akwai manhajar da ke shiga tsakanin rediyon da memorin, ita ke ƙayyade yawan wutar da za a ba shi. Malam Kamaruddeen, tsohon malamin kwamfuta a sakandare, yana cikin masu kula da wannan manhaja kyauta, tare da wasu mutane a ƙasashen da bai taɓa takawa ba. Bana zai ajiye aikin, domin idonsa ya fara gazawa. Shi ya sa na ga bai kamata mu yi shiru ba.

Zan ba da labari ɗaya, kamar yadda Ramlat, 'yar Inna Hure ta Kunci, ta ba ni.

Autan Inna Hure, Sabiru, direban motar tumatir ne zuwa Kudu. Ya san mahaifiyarsa ba ta sakewa idan yana hanya, sai ya ɗauki muryarsa a wani tsohon memori ya ba ta, ya ce ta riƙa kunnawa idan ta yi kewarsa. Wata tafiya ya yi haɗari, Allah ya karɓi abinsa. Ba abin da ya rage mata sai wannan murya. Da damina ruwa ya zubo ta rufin ɗaki ya kashe rediyonta, aka samo mata sabuwar ƙira. Maƙwabciya ta fara gwada nata memorin, waƙa ta tashi rangaɗau. Aka sa na Inna, shiru. Ta hura shi, ta goga a gefen mayafi, ta zaga gidajen maƙwabta masu irin rediyon, duk shiru. Mai sayar da rediyo a kasuwar Ɗambatta ya gwada a nasa, ya ce, "Inna, wannan ya mutu. Jefar da shi ki sayi sabo."

Ramlat ta ce kwanakin nan tsohuwar ko abinci ba ta ci sosai. Ranar da ta kawo ta soron Malam, daga bakin zane Inna ta kwance memorin. Ya sa a kwamfuta, ya kusanto da fuskarsa, ya ce, "Inna, muryarsa na nan, ba abin da ya same ta. In kunna miki?"

Ta ce, "A'a, Malam. Ba a gaban mutane ba."

"To in juye miki a sabon memori, yau ɗin nan ki tafi da shi."

"Ka juye ka ajiye. Amma wannan da hannunsa ya ba ni. Shi nake so ya yi magana."

Da wani ne, da ya lallashe ta ya sallame ta. Shi kuwa tambayar da ta tsaya masa ita ce: memori nawa aka jefar a ƙauyukan nan alhali lafiyarsu lau? Ya sa aka yi cigiya. Mata suka riƙa fito da waɗanda suka haƙura da su daga ƙasan kwalla, ya tara ya shiga gwaji.

Abin da ya gano shi ne, memori na zamani yana farawa da babbar wuta, sannan ya nemi a rage masa don ya yi sauri. Wani ɗan mitsitsin abu mai daidaita wuta, da ake kira regileta, shi ke ragewa. Tsohon memori kuwa sai da babbar wutar yake tashi. Waɗanda suka rubuta manhajar ba su sa regileta ya koma sama ba idan an zare memori, kuma ko an kashe rediyon ba ta mutuwa gaba ɗaya. Ba sakaci ba ne. A can inda suke, memori ɗaya kan zauna a na'ura har ta tsufa. Mu a nan memori gida-gida yake yawo kamar turmin aro. Duk rediyon da ta taɓa karɓar sabo, in tsoho ya shiga sai ya tarar da wutar da ba za ta tashe shi ba.

Ya zauna ya gyara: idan an zare memori, a yanke wuta duka, a ɗan saurara, a mayar da ita sama, sannan a tambayi wanda ya shigo abin da zai iya ɗauka. A faɗe kamar wasa. Ni na gan shi a makonnin nan, ya ƙara girman rubutu har kalma uku ta cika fuskar kwamfutar, idonsa na zubar da ruwa, yana sharewa yana ci gaba. Matarsa ta yi faɗa har ta gaji. Abokan aikinsa na waje suka duba gyaran, suka karɓa da godiya, aka shiga ɗora shi a rediyoyi ranar kasuwa.

Malam, kai ne ka ƙi yarda a kira abu matacce kafin a bincika. Kai ne ka kashe sauran hasken idonka kan abin da ba wanda zai ga sunanka a jikinsa. Kamaru na soro, mai tambaya kafin ya ba da wuta! Tsofaffi da yawa na sauraron karatu a rediyonsu yau ba su san da kai ba, kuma na san hakan ya fi maka daɗi. Mun gode. Allah ya saka da alheri, ya ba idonka lafiya. Ku kuma samarinmu masu ilimin kwamfuta, soron nan a buɗe yake. Ku je ku karɓi aikin tun yana iya nuna muku da yatsa.

Ranar da aka ɗora gyaran a rediyon Inna Hure aka mayar mata, ɗaki ta shiga ta saki labule. Ramlat na tsakar gida ta ji muryar ƙaninta ta tashi: "Salamu alaikum, Inna. Ni ne. Kada ki damu, ina hanya."

Sai ta ji tsohuwar ta ce, "Wa alaikumus salam, Auta."

Ramlat ta ce har yau kullum da safe sai ta kunna, kuma ba ta taɓa barin sallamar nan ba ta amsa ba.