Hujin da Sabo Ya Liƙe

Sabo bai zo Abuja don ya tuƙa komai ba. Daga wani ƙauye a bayan Ɗambatta ya taso da ƙarfen liƙi, da 'yar jakar dalma, da gwangwanin gawayi rataye a waya. A lokacin garin bai zama gari ba, jar ƙasa ce da katafiloli da dubban leburori. Inda akwai lebura kuwa akwai kwanon sarki na ɗiban yashi da siminti, inda akwai kwanon sarki akwai huji. Sabo ya bi sansanonin ma'aikata yana liƙe bokiti da buta da langa, ya ci abincinsa cikin rufin asiri.

Aikinsa yana da kyau, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Matsalar ita ce sana'ar ta bi shi har cikin jini. Sabo ba ya iya ganin huji ya wuce. In ya ci abinci a kwanon wani, sai ya ɗaga shi ya duba gindinsa a rana. Ya taɓa tsayar da wata mai koko a hanya don ya ga ludayinta yana ɗiga, ya liƙe mata kyauta tana ta masa tsiya cewa kokonta zai huce.

A Kuchigoro ya sauka, a gidan wani dattijon Gbagyi, Baba Yamusa, wanda ya ba shi ɗaki kusa da rumbu. Shekara da shekaru yana nan. Alice, matar ɗan Baba, in ta dafa doya sai ta ajiye masa tasa ba tare da an ce ta ajiye ba. Wannan alheri ya tsaya wa Sabo a rai, kullum yana neman ranar da zai rama da abin da ya fi liƙin kwano.

Ranar ta fara ƙyallowa lokacin da wani ɗan kwangila mai gareji a Idu ya ɗauke shi liƙin lagireto da tankunan mai. Yana liƙi yana leƙen direbobi, har ya koyi tuƙi. Da wani direba ya gudu Legas, oga ya miƙa masa makullin wata tsohuwar jar tarakta da ake yanke ciyawar gefen hanyar filin jirgi da ita. Ranar nan Sabo ya sayi baƙin tabarau. Ya aika gida cewa ya zama direba, bai ce na me ba. In ya dawo Kuchigoro da yamma sai ya riƙa kaɗa makullin a yatsa, ko da ba wanda zai gani sai kaji.

Sai ga shekarar da aka ce gwamnati za ta taso daga Legas gaba ɗaya. Tun kafin damina masu awo suka zo suka kafa turaku masu jan fenti a gonar Baba Yamusa, gonar da ubansa ya sare da hannunsa. Aka ce masa ya noma ta bana, amma baɗi titi ne zai ratsa ta. Baba bai yi surutu ba. Ya ce dawa zai shuka daga wannan gefe zuwa wancan, yana so ya ga rumbunsa ya cika daga gonar nan sau ɗaya tak kafin a binne ta. Ya fara shirin kiran gayya, yadda aka saba, maƙwabta su taru da garemani su yi masa huɗa da saukar ruwa.

Nan Sabo ya gyara zaman tabarau.

“Baba, gayya kuma? Da ni a gidan nan? Ka sallami mutane su je su yi nasu. Abin da za su yini suna yi, ni kafin hantsi na gama.”

“Sabo, ƙarfe yana da ranan shi,” in ji Baba. “Mutane, na san su. Wannan motar ban san shi ba.”

“Ni na san ta. Kamar tafin hannuna.”

Baba ya dube shi, ya yi murmushi, ya aika aka ce wa maƙwabta an fasa. Oga ma ya yarda a ɗaura wa taraktar garma ranar Lahadi. Kowa ya yarda da Sabo, kuma wannan ne kuskuren kowa.

Ana gobe aikin, Sabo ya wanke taraktar da omo kamar za a kai ta biki. Yana goge saman akwatin giya, can ƙarƙashin kujera, sai ya ga wani ɗan murfi kamar hular kwalba, da ɗan huji a gefensa, mai ya yi masa baƙin gumi kewaye. Ransa ya ɓaci. Wato duk shekarun nan tarakta tana yawo da huji, direbobi da kanikawa suna hawa suna sauka, ba wanda ya gani! Ya hura gawayi, ya kankare wurin, ya zuba dalma. Ya goge da zarto har ya yi sumul, ya shafa jan fenti. Ya ja da baya ya kalli aikinsa, ya tausaya wa Turawan da suka ƙera ta suka manta wurin a buɗe.

Lahadi rabin Kuchigoro ya fito kallo. Sabo ya hau, ya ba ta wuta, garma ta shiga ƙasa tana kifar da ita baƙa wuluk. Yara suka bi shi da ihu. Ya je ya dawo, ya sake zuwa, yana tuƙi da hannu ɗaya don a ga ba wani abu ba ne. Rana ta fara zafi, injin ya ɗau zafi, sai ya ji ƙafarsa tana santsi. Mai ne yake tsattsafowa ta gindin sandar giya. Ya sauka ya ɗaure wurin da robar tayar keke, ya ce wa mutane ƙaramin abu ne. Bai yi nisa ba man ya ɓullo ta cikin tayar baya ta dama. Ya cusa tsumma. Ya ɓullo ta hagu. Kafin azahar birki ya sha mai ya daina kamawa, garma ta ƙi ɗaguwa, taraktar ta tsaya a tsakiyar gona tana zubar da mai ta ko'ina. Abin da aka nome bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

“Baba, kada ka damu,” in ji Sabo, mai har gwiwar hannu. “Jibi war haka an gama.”

Litinin ya ɗauko Bernard, kanikan garejin, mutumin Binuwai mai haƙuri da inji, marar haƙuri da direbobi. Bernard ya duba ya ce sil ne suka mutu, wato zoben robar da ke tare mai a bakin ƙarfe. Babu su a Abuja, sai an aika Kaduna. Aka jira. Da suka iso ya sa, ya tayar da ita da sanyin safiya, ta yi ta ruri ba ɗigo ko ɗaya. Sabo ya ruga ya gaya wa Baba an gama. Ya shiga gona, rana ta take, sababbin sil ɗin suka tsage kamar na da.

Daga nan aka shiga lalube. Bernard ya ce ko an cika man ya yi yawa, aka rage. Ya ce ko ruwa ya shiga, aka juye aka zuba sabo. Ya zargi famfon da ke ɗaga garma, ya kwance shi ya shimfiɗa a buhu, bai ga komai ba. Kullum labarin ɗaya ne, da sanyi lafiya, da zafi yoyo. Sabo kuwa bai rasa nasa bayanin ba. Ya ce sil ɗin Kaduna jabu ne. Ya ce man na bunburutu ne. Ya ce akwai wani direba a Idu da ke masa hassada tun ranar da ya sayi tabarau, har ya rataya laya a sitiyari.

Ruwa dai bai jira kowa ba. Gonakin maƙwabta suka yi kore, dawarsu ta kai gwiwa. Baba Yamusa yakan zo da safe ya zauna a kan kututture ya kalli gonarsa tana cika da ciyawa. Sau biyu ya ce, “Sabo, ko in kira mutane?” Sau biyu Sabo ya ce, “Haba Baba, so kake a yi mini dariya? Saura ƙiris.” Kunya ce ta hana shi sakin aikin, kuma kunyar tasa ta ci wa tsohon lokacin shuka.

Wata rana da tsakar rana taraktar ta sake amayar da manta. Bernard ya fusata, ya kama murfin da ake zuba mai ya murɗe tun tana da zafi. Sai fuuu! Iska ta fito da ƙarfi, mai ya fantsama masa a fuska. Ya tsaya cak, yana share ido.

“Wannan abu ba ya numfashi,” ya ce. “Iska ya cika cikin shi. Ina birida na shi? Na nema, na nema, na ce ko irin wanda ba shi da shi ne.”

Sabo bai san mene ne birida ba, kuma bai ga dalilin tambaya ba. Shi dai ya gaji da ganin gazawar wasu. Ya zagayo, ya nuna ƙarƙashin kujera da makulli.

“Bernard, ba don in yabi kaina ba. Duk jikin taraktar nan ka duba, wuri ɗaya ne bai taɓa ɗiga ba, inda hannuna ya taɓa. Ka ga nan? Huji ne da. Ni na liƙe shi.”

Bernard ya sunkuya. Ya zaro wuƙa ya kankare fentin, dalma ta haska fes. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ɗago a hankali.

“Sabo, in mai ya yi zafi, iskan da ke ciki yana kumbura. Wannan ƙaramin rami shi ne hancin shi. Ka toshe hanci, ta ina zai fita? Sai ya fasa sil.” Ya sake duban liƙin ya girgiza kai. “Kai, oga, amma ka iya aiki. Walahi ko a kamfani ba a yi kamar wannan.”

A rayuwarsa ba a taɓa yabon Sabo ya ji kamar ya nutse ba sai ranar. Alice da ta kawo musu ruwa ta leƙa ta ce, “Ai irin na gindin langana ne.” Ya cire tabarau ya sa a aljihu. “To, Sabo,” ya ce a ransa, “garin neman gira ka rasa ido, kuma idon ma ba naka ba.”

Bernard ya narkar da dalmar da ƙarfen liƙin Sabo ɗin, aikin da bai kai shan ruwa ba. Ya rufa masa asiri a wurin oga, ya ce zanzaro ne ya yi gini a hujin. Direbobin Idu kuwa sun ji gaskiyar, kuma har Sabo ya bar garejin sunansa Zanzaro. Shi da kansa in sabon direba ya tambaye shi sunansa, haka yake faɗa, don ya riga su.

Taraktar ta warke, amma gonar ba ta sake ganinta ba. Oga ya ce a dawo da ita yau ɗin nan, ranar tasowar gwamnati tana matsowa, ciyawar hanyar filin jirgi ta kai ƙugu. Baba ya kira gayya a makare. Mutane suna kan noman farko a nasu gonakin, kaɗan suka samu zuwa. Sabo ya roƙi hutu ya ɗauki garmar hannu ya shiga layi. Rabonsa da huɗa tun yana saurayi. Tsofaffi suka wuce shi, mata suka wuce shi, kunyar da ya huɗa ta fito a karkace, tafinsa ya yi bororo ya fashe. Ba wanda ya yi masa gori, shi kuwa gorin yake nema ido rufe. Da Baba ya zage shi ko sau ɗaya ne, da ya samu barci.

Dawar ta fito, ta yi tsawo, amma ruwa ya ɗauke tana cikin fitar da kai. A watan da motocin manya suka riƙa wucewa ta gaban Kuchigoro da jiniya, ana ta murna an dawo da gwamnati, gidan Baba Yamusa suna gona suna yankan abin da ya samu. Sabo ya riƙa fita da asuba yana dawowa bayan isha don kada ya ga rumbun.

Wata Lahadi suka ritsa shi a ƙofar ɗakinsa. Alice ce a gaba da damin dawa a kafaɗa, yadda matan Gbagyi suke ɗaukar kaya, Baba yana biye da sandarsa. Ta sauke a gabansa.

“Baba, mene ne wannan?”

“Naka ne. A gidan nan, wanda ya fara buɗe ƙasa shi ke da damin farko. Haka ubana ya yi.”

“Baba, ni na kashe maka gonar nan. Ka bar shi. Baɗi in Allah ya kai mu...”

Bai ƙarasa ba, don ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

“Babu baɗi a wurin, Sabo,” in ji Baba, ba fushi a muryarsa. “Shi ya sa ba zan bari ya wuce ka ba. Ɗauka.”

Sabo ya sunkuya, ya kafa ƙafafu, ya sa hannu biyu ya tattaro ƙarfinsa kamar yadda ake yi wa damin dawa. Damin ya taso masa ba nauyi, har ya yi taga-taga. Ya tsaya rungume da shi, hawaye na zuba, tsohon kuwa ya riga ya juya yana kiran jikokinsa su kore awaki daga masussuka.