Tabaraun Don Eulalio

Shekara talatin da ɗaya Don Eulalio Peguero yana alƙalancin wasan besbol a San Pedro, a sunkuye bayan mai cafe ƙwallo, bai taɓa karɓar ko ɓawon ayaba daga hannun kowa ba. In ka gaishe shi da fara'a ranar wasa, sai ya bi ka da kallo, yana tunanin wace ƙungiya ce ta turo ka. Ya taɓa mayar wa ƙanwarsa tukunyar miyar sancocho da zafinta, wai ɗan maƙwabcinta mai jifan ƙwallo ne a wata ƙungiya.

'Yan kallo ba su da sunan da suke kiransa sai Makaho. Kowane alƙali haka ake ce masa. Damuwarsa ita ce bana maganarsu ta fara zama gaskiya: ƙwallo ɗaya ke tahowa, shi yana ganin biyu, sai ya zaɓi wadda ta yi masa. Hukuma na ji, aiki ya ƙare.

Wata Lahadi ya buɗe jakarsa zai ɗauko buroshin share farantin da mai bugu ke tsayawa a gefensa, sai ga tabarau a naɗe cikin hankici. Ya gwada a ɓoye. Har ɗinkin ƙwallo ya gani! Ya yi maza ya cire. In ya sa a wasa, ya ci hanci ke nan.

Yana share faranti ya yi wa Chelao, mai cafe ƙwallo, raɗa: "Kai ne, ko?"

"Ni ne me, Don Eulalio?"

"Kar ka raina mini wayo. Tabarau."

Chelao ya yi dariya har fuskar ƙarfen da ke kare shi daga ƙwallo na rawa. "Haba, tsoho! Mai jifanmu ko teku ya nufa da ƙwallo cewa kake ta shiga daidai. Da makantarka muke cin abinci, mu gyara maka ido?"

To, ɗaya ƙungiyar ce ke nan. Ya ƙare wasan da tabarau a aljihu, yana hararar duk mai bugun da ya yi masa murmushi.

Da ya koma gida ya dangwara su a tebur. "Brígida, an so a saye ni yau."

Matarsa ba ta ɗago daga kirɓa ayaba ba. "Tabarauna ne na da. Ni na sa maka a jaka."

Ya nuna ta da yatsa. "Wace ƙungiya kike so?"

"Wadda za ta hana ka zuba gishiri a gahawa. Kuma aro ne, malam, ba kyauta ba."

Aro. Don Eulalio ya juya kalmar, ya ga babu dokar da ta hana.

Lahadin gaba ya fito da tabaraun mata a ƙarƙashin fuskar ƙarfe. Hukuncinsa na farko, fili ya ɗauka: "Makaho!" Ya saki ajiyar zuciya. Maganarsu ta koma ƙarya.