Hocen Kulu

Labbo ne ya kai 'yan bindiga gidana. Shi ya nuna musu matata. Na fara da sunansa don kada wani ya karanta wannan ya ce ƙaddara ce kawai. Ƙaddara ce, na yarda, amma da ƙafar Labbo ta shigo.

Sunan ƙauyenmu ba zan rubuta ba, don har yau matata tana hannunsu. Yana cikin ƙasar Maradun, gaba da Kaya. Ni manomi ne, a aji shida na tsaya, a yi haƙuri da rubutuna.

Labbo maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara goma sha tara muna ciyayya a ƙofar gidana. Bayan magariba kowane magidanci ya fito da akushinsa, a haɗa, a ci tare. Labbo yakan ture nasa gefe ya jawo nawa. In tuwon dawa ne da miyar sure, sai ya suɗe kwano. In miyar guro ce, har ƙari yake nema. Ban taɓa jin haushi ba. Daɗi ma nake ji, don an san hannun matata.

Sunanta Kulu. Duk yankin Kulu mai hoce ake ce mata. Wanda bai san hoce ba, garin dawa ne ake kwaɓawa ya kwana ya ɗan yi tsami, a gasa a tukunyar ƙasa. Mata da yawa suna yi. Na Kulu daban ne. Bayansa ya yi ja, cikinsa laushi, kuma yakan yi kwana biyar bai lalace ba. Kafin ta sa a tukunya takan danna yatsunta uku a tsakiya, wai don cikin ya nuna. Ko a kasuwar Mafara na ga hoce mai yatsu uku, na san na gidana ne. In ta farfasa shi ta yi datu da ƙuli-ƙuli da albasa da man gyaɗa, sai mutum ya manta da nama.

Wata huɗu kafin abin, Labbo ya fara saye da yawa. Buhu guda duk Litinin. Ya ce 'yan ƙwadago yake kai wa a gonakin shinkafa na wajen Bakura. Na yi murna. Har ni na ce wa Kulu ta ƙara tukunya. Ban tambayi kaina ba, waɗanne 'yan ƙwadago ne ke son abincin da zai kwana biyar a jaka. Wannan wautata ce, ba zan ɗora wa kowa ba.

Ranar Lahadi ya ce a yi masa buhu biyu, zai zo ɗauka ƙarfe takwas na safiyar Litinin. Kulu ta kai dawa inji. Ta kwaɓa, ta rufe.

Litinin, cikin damina, dawa ta wuce tsayin mutum. Na dawo masallacin asuba na tarar ta hura wuta. Tukwane uku. Hayaƙin kara ya cika tsakar gida, tana tari. Ta daɗe da wannan tarin. Ta ciro na farko ta miƙo mini da zafinsa, na ci a tsaye, na sa guntun a aljihu. Ɗiyarmu Hassi ta ɗauki bokiti ta tafi rijiya. Mahaifiyata, Inna, tana ɗakinta tana shan kunu. Ƙafafunta sun daɗe da daina ɗaukarta.

Bakwai saura kwata na duba waya. Ina ɗaure awaki a bayan gida. Sai na ji babura. Ba ɗaya ba, ba goma ba. Ƙarar ta taso daga yamma, inda ba hanyar kasuwa. Awaki suka fara fizgar igiya.

Harbin farko daga bakin masallaci ya fito. Daga baya na ji ƙanena Mamman ne aka harba. Yana zaune yana wankin takalmi.

Na shigo da gudu. Kulu na tsaye da hoce a hannu. Ta ce, “Ɗauki Inna!” Na ce ta biyo ni. Ta ce, “Hassi!” Ta nufi ƙofa, ni na shiga ɗakin Inna. Na goya ta. Kunu ya zube a bayana. Na bi ta inda ruwa ya rushe katangar baya, na faɗa cikin dawa.

Taku arba'in na yi, ba zai fi haka ba. Na kwantar da Inna a kunya, na toshe mata baki da hannuna. Daga nan ina jin komai.

“Ku kwanta! Kowa shi kwanta!”

“Ina gidan mai hoce?”

“Ga shi nan, mai ƙofar kwano, kusa ga iccen bedi!”

Ba su yi lalube ba. Ba su shiga gidan Labbo ba, ga shi nan a jikin nawa. Kai tsaye suka zo.

“Ke ce Kulu? Tashi! Ku kwashe ƙullun! Ku ɗauko tukwanen, kada ku hwasa!”

Na ji tarinta. Sau uku. Na ji wani yana dariya da abinci a bakinsa. Ban tashi ba. Ina da fartanya a bayan gida, suna da bindiga a kowace kafaɗa, ga tsohuwa a ƙarƙashin hannuna. Duk wannan na faɗa wa kaina, kuma gaskiya ne. Amma ban tashi ba.

Bakwai da rabi suka sa wa rumbuna wuta. Dawar bara ta dinga fashewa kamar ana soya guguru. Takwas da kwata babura suka tafi. Lokacin da Labbo ya ce zai zo ya wuce, bai zo ba.

Ban koma gida nan take ba. Sukan bar wasu a baya. Sai tara da rabi na lallaɓa. Wutar murhu ba ta mutu ba. Tukwane babu. Kwaryar ƙullu babu. Takalminta ɗaya yana bakin zaure. Na je masallaci na rufe Mamman da tabarma. Ba mu samu binne shi ba sai bayan kwana biyu, da rakiyar 'yan sa-kai.

Hassi na samu a bakin rijiya, cikin ramin da ake haƙar ƙasar gini, ruwa har wuyanta. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, “Baba, ina Inna ta?” Uwarta take nufi. Na ce tashi mu tafi.

Ƙarfe goma muka kama hanya, mu wajen talatin. Ba mu bi turba ba, cikin gonaki muka bi. Ganyen dawa ya yayyanka mana fuska. Inna a bayana ba nauyi, amma kafin azahar na ji kamar dutsen niƙa na goyo. Rafi ya kawo. Muka riƙe hannu muka ƙetara, ruwa a ƙirji. Wata mata ta saki ƙunshinta don ta riƙe jaririnta, muna kallo ruwa ya tafi da shi. Sau biyu muka ji babur muka zube ƙasa. Na biyun mai kai madara ne, shi ma gudu yake.

Babu wanda ya ci komai. Da la'asar Inna ta ce yunwa. Na sa hannu a aljihu na ji guntun hocen da Kulu ta ba ni da safe, ya jiƙe da ruwan rafi. Na raba musu ita da Hassi. Inna ta tauna, ta tauna, ta ce, “Wannan yarinya, wa ya san ko ta ci.”

Biyar da rabi muka shiga Maradun. Washegari wata motar itace ta kawo mu Talata Mafara. Aka ba mu wani kango da ba a gama ginawa ba, gida tara a ciki. Mutanen gari sun yi ƙoƙari, ba zan ci amanarsu ba. Taliya, shinkafa, wani lokaci burodi. Inna ba ta saba ba. Takan sa a baki ta fitar. Hassi ta gwada yi mata hoce a murfin tukunyar ƙarfe, ya ƙone a waje, cikinsa ɗanye. Inna ta ci don kada yarinyar ta ji kunya. Kwana hamsin da biyu ta yi a Mafara, ta rasu ranar Alhamis da hantsi.

Mutum goma sha ɗaya suka tafi da su daga ƙauyenmu. Aka yi ta waya kan kuɗin fansa. Kowa ya sayar da abin da wuta ta bari. Ni na sayar da gonar fadama. Aka kai. Suka sako goma.

Na kira lambar da kaina. Na ce saura ɗaya. Wanda ya ɗauka ya ce, “Mai hoce? Wannan ba ta hita. Wa za shi yi muna abinci?” Ya kashe. Na sake kira sau ashirin, ba a ɗauka ba.

Daga ranar na koma wata irin addu'a. Allah Ya sa hannunta ya lalace. Allah Ya sa ya dinga ƙonewa, su gaji da ita su koro ta. Wata biyu ina wannan roƙo.

Cikin waɗanda aka sako akwai Luba, matar limaminmu. An wuce da ita asibiti a Gusau, sai da ta warke ta zo Mafara ta neme ni. Ta kwance bakin zanenta ta ciro hoce guda, ya bushe kamar dutse. Na juya shi. Yatsu uku. Ta ce Kulu ce ta cusa mata ranar da za a sako su, ta ce a ba ni.

Luba ta ce tun asuba Kulu ke bakin wuta har rana ta faɗi, tarin ya ƙaru. Ta ce akwai wata mata daga wani gari da ke yi musu tuwo, zazzaɓi ya kwantar da ita kwana uku, suka ja ta bayan dutse, ba a sake ganinta ba. Sannan ta rage murya ta ce, duk Laraba Labbo yana zuwa dajin da dawa da man fetur. Da idonta ta gan shi zaune yana cin datu, Kulu ce ta haɗa masa.

A ranar na daina waccan addu'ar.

Mutane suka ce in kai ƙara. Wasu samari suka ce in nuna musu shi kawai, su sun san sauran. Na hana. In Labbo ya ɓace, can daji za su san daga inda maganar ta fito. Kan wa za su huce?

Mu mazan kangon mun ci gaba da ciyayya, ko da gari ne da ruwa. Wata Talata, bayan an tashi kasuwa, sai ga Labbo. Sabuwar shadda, ya yi ƙiba. Ya yi sallama, ya bi kowa da gaisuwa, ina gajiya, ina iyali, yaya haƙuri. Ya yi mini ta'aziyyar Inna har da girgiza kai. Ya ce shi ma a Gusau yake fakewa. Ya wanke hannu ya miƙo cikin kwanona. A wurinmu ba a hana mutum kwano, ko maƙiyi ne.

Na riƙe wuyan hannunsa. Na ja shi bayan kango, inda ba kowa. Na ciro hocen daga aljihu na ɗora masa a tafin hannu. Ya ga yatsun. Ya ce, “Wallahi tilasta mani anka yi.” Na ce ya yi shiru. Na ɗauke hocena na mayar aljihu. Na shiga na ɗauko ledar da na daɗe da ajiyewa, maganin tari kwalba biyu da zane ɗaya, na danƙa masa.

Na ce, “Labbo, shekara goma sha tara kana cin tuwonta. Mamman ya tahi. Inna ta tahi. Gonata ta tahi. Saura Kulu, kuma duk duniya kai kaɗai na sani da ke ganinta. Ban yahe maka ba, ba kuma ni yahewa, ko a gaban Allah. Amma gobe Laraba. Ka kai mata wannan. Ka ce mata Hassi na nan lahiya. Kada ka gaya mata Inna ta rasu, hankalinta na iya tashi ta bar tukunya ga wuta. Ka ce in ji ni, ta sha magani, ta tsaya da ƙahwarta. Kada ta bari ko guda ya ƙone.”