Ranar da Baffa Ya Riƙe Mini Gwiwa

Shekarun baya, a tsakiyar tsadar man nan da ta mayar da masu mota 'yan kallo, ina da wata tsohuwar mota da na gada wajen mahaifina. Koyarwa nake yi a firamaren ƙauyenmu, can gefen Bici, kun kuwa san albashin malamin makaranta da tankin mota ba sa ga maciji. Sai motar ta yi sati a gindin darbejiya, kaji na hutawa a ƙarƙashinta. Ranar da na fito da ita kuwa, babu dabarar tsimin man da ban iya ba. In na hango gangara sai in kashe ta, ta gangara da kanta. In na tsaya gaisawa da mutum, kafin in ce masa ina kwana na murɗe makulli. Matata takan ce ni in inji yana aiki a tsaye, har a fuskata ake gani, kamar jinina yake zuƙa.

Ana cikin haka maganar auren ƙanena ta taso. Yarinyar 'yar wani ƙauye ce gaba da Shanono, mahaifinta tsohon hedimasta ne, mutumin kirki, sai dai ba ya wasa da lokaci. Ranar da muka je sa rana mun makara kusan awa biyu, kuma laifina ne, don ni na hana a ɗauki motata na ce mu jira ta kasuwa. Ya karɓe mu hannu bibbiyu, aka dama mana fura, aka yi komai cikin mutunci. Sai da muka miƙe za mu tafi ya dubi baffana, ƙanen mahaifinmu, wanda shi ne wakilin ango tunda mahaifinmu ya rasu.

"Malam, ranar Asabar ɗin, ƙarfe sha ɗaya na safe," in ji shi. "Ni ba na shanya mutane a rana. In sha ɗaya ta yi ban ga wakilinku ba, zan sallami jama'a, in ɗauka Allah bai yi ba."

Yana murmushi ya faɗa, amma duk wanda ya san shi ya ce mana ba wasa yake ba. Tun daga ranar ƙanena bai ƙara samun nutsuwa ba. Ni kuwa na bugi ƙirji na ce wannan karon a motata za a je, kuma sai mun riga liman zama.

Ranar Alhamis na kai ta Bici wajen wani abokina makanike, tare muka yi firamare. Yana jin ƙararta ya ce, "Motar nan kabon ya toshe mata maƙogwaro, shi ya sa take shan mai kamar raƙumi." Ya kwance wani bututu ya nuna mini inda iska ke shiga inji. Wallahi baƙi ƙirin, kamar gindin tukunyar tuwo. Ya fesa magani, ya sa tsohon buroshin goge baki ya dinga dirza, ya bi da tsumma, har wurin ya koma yana ƙyalli. Ya ce in Allah ya yarda zan ga sauƙin mai sosai. Jama'a, ban san sanda na fara dariya ni kaɗai ba. A zuciyata har na fara zuwa makaranta a mota kullum.

Da ya mayar da komai sai ya tayar da ita, ya ce, "To, ka bar ta a silo minti sha biyar, tana aiki a tsaye. Kar ka taɓa totur, akwai abin da za ta koya. Bari in yi la'asar in dawo."

Minti sha biyar! Mota a tsaye, ba ta zuwa ko'ina, tana shan mai! Na daure na minti biyu ina zagaye ta. Na ce a raina, mota ce ko 'yar aji ɗaya, me za ta koya? Na leƙa na ga abokina ya ta da kabbara, sai na shige na sa giya na kama hanyar gida.

A hanya motar nan tashi kawai take yi. Ko na ɗage ƙafa daga totur ba ta rage gudu, sai ka ce ana tura ta. Ni kuwa na ɗauka lafiya ce ta yi mata yawa. Ina isa na tsaya a majalisa na ba da labari, washegari na ba malaman makarantarmu, har da zana musu maƙogwaron inji a allo. Da zan sha man tafiya, kaɗan na ɗora a kan rabin abin da na saba sha. Matata ta ce in ƙara ko yaya ne, tunda tafiyar ba ta wasa ba ce. Na ce mata, "Ke dai ba ki san kimiyya ba."

Ranar Asabar muka fita takwas da rabi, don sai da Baffa ya fara duba shanunsa na huɗa. Shi yana gaba kusa da ni, ango yana baya cikin farar shadda, ya rungume ƙullin goro da alawa. Damina ce ta zauna, gero ya rufe gari da gari, ko'ina kore shar. A kan kwalta babu abin da ya faru, sai ma waƙa da nake yi ina dukan sitiyari. Muna wuce Shanono muka sauka kan birji mai ramuka da taɓo, nan ta fara nuna mini halinta. Duk ramin da na taka kuloci sai injin ya kurma ihu kamar za a yanka shi, in na saki ta fizge mu. Na dubi allurar mai, na ga tana sauka a kan idona.

Muka tsaya wajen wani ɗan bumburutu a mararraba, ya nuna mana jarkokinsa a kife, ya ce tun jiya ya ƙare. Na ce ba komai, ai ina da dabara. Da muka zo gangarar wani rafi na kashe ta kamar yadda na saba. Muka gangara lafiya, amma da na murɗa makulli ta ce ba ta san zance ba. Sai da muka ɓata kusan minti ashirin, ango ya naɗe shaddarsa yana turi, sannan ta tashi da wani ihun da ya fi na da. Ga fitilar mai ta kama ja. Na dubi agogo, goma da minti biyar, kuma akwai tafiyar kusan rabin awa a gabanmu.

Na kashe ta, na hau kan wani shuri don in samu sabis, na kira abokina. Ban gama bayani ba ya katse ni.

"Tsakaninka da Allah, ka bar ta ta yi silon nan?"

Na hau kame-kame.

"Ai na sani! Ina sallamewa na ga wayam. Saurara, malam. Motar nan tana da ƙwaƙwalwa. Shekara da shekaru datti ya tare mata hanya, ta saba buɗe maƙogwaro da yawa don ta samu iska. Yanzu dattin ya tafi, ita ba ta sani ba, har yanzu haka take wangale shi, iska ta yi yawa, ta bi ta da mai. Ka cire kan batir minti biyar ta manta tsohon hali, ka mayar, ka tayar da ita, ka bar ta minti sha biyar. Kar ka taɓa komai."

Na ce, "Da wannan ɗan man?"

"Da shi. A tsaye kurɓa take yi. A yadda take yanzu kuwa ba za ta kai ku ko rabi ba."

Na sauko na faɗa musu. Ango ya kusa kuka. "Yaya, don Allah mu tafi a haka! In ta tsaya ma ƙarasa da ƙafa." Ni ma ra'ayina ke nan, don ban ga ta yadda mutum zai makara, mai ya ƙare masa, sannan a ce maganin shi ne ya zauna yana ƙona sauran ba. Amma Baffa ba zai iya gudu a taɓo ba, kuma in babu shi babu ɗaurin aure. Sai Baffa ya gyara hularsa ya dube ni.

"Ɗan nan, yi abin da mai sana'a ya ce. Ni ko sa na sake wa karkiya, sai na bar shi ya tsaya ya ji ta a wuyansa kafin in ce ya ja garma."

Sifana ma ban nema ba, don dama da ƙusa na tokare kan batir ɗin. Na zare, muka jira, na mayar, na shiga na yi bisimilla na tayar da ita. Goma da minti goma sha biyu.

Ban taɓa ganin minti sha biyar masu tsawon waɗannan ba. Injin ya hau sama yana ihu, ya sauko, ya sake hawa. Can sai ya yi ƙasa ƙasa, motar ta hau karkarwa kamar mai zazzaɓi, na tabbata mutuwa za ta yi. Ban san sanda ƙafata ta nufi totur ba. Kafin ta isa na ji an damƙe mini gwiwa. Baffa ne. Hannun nan da ya shekara hamsin yana riƙe fartanya, ya danne ni a kujera, ko motsi na kasa.

"Bar ta," in ji shi.

"Baffa, za ta mutu!"

"Bar ta, na ce."

Ba ta mutu ba. Ta yi tari, ta farfaɗo da kanta. Shi kuwa bai sake ni ba. Hannunsa na kan gwiwata, ya juya yana kallon gonakin gefen hanya, yana ba mu labarin wanda ya sa taki a kan kari da wanda ya yi sakaci da maimai, wato noma na biyu, sai ka ce yawon buɗe ido muka fito. Gumi ya jiƙa mini riga, ango a baya yana ta jan salati. Wani mai keke ya tsaya ya leƙo ya ce, "Bayin Allah, lafiya kuwa?" Baffa ya ce, "Lafiya lau, mota ce take karatu." Mutumin ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya hau kekensa ya yi gaba.

Wajen minti na goma sha ɗaya sai na ji ƙarar ta canja. Ta sauko a hankali, ta daidaita, ta koma wani ɗan gurnani mai laushi irin na kyanwar da ta ƙoshi. Tunda na gaji motar nan ban taɓa jin muryarta haka ba. Na ce, "Baffa, ka ji? Ka ji ta?" Ya ce, "Na ji. Saura minti huɗu." Sai da suka cika cif ya ɗauke hannunsa.

Jama'a, ku zo ku ga tafiya! Na taka kuloci, shiru. Na ɗage ƙafa, ta rage gudu kamar mai jin magana. Muka dinga ratsa ramuka, ango ya manta da angoncinsa yana dukan bayan kujerata yana cewa, "Yaya, za mu kai! Wallahi za mu kai!" Ni ina kabbara, allura ta kwanta a ƙasa ba ta ko motsi, amma motar na tafiya. Muka hango hasumiyar masallacin garin, muka hango rumfa da tabarmi da fararen riguna. Muna zuwa daidai wata tsamiya, taku kaɗan zuwa ƙofar gidan, ta yi tari sau biyu ta yi shiru. Ko ɗigo bai rage ba.

Hedimasta yana tsaye a bakin rumfa, agogonsa a hannu. Sha ɗaya saura minti huɗu. Ya dubi taɓon da ke ƙafar wandon ango, ya dube ni, ya miƙa wa Baffa hannu ya ce, "Bisimilla, Malam, ga wurinku." Aka yi siga, aka shafa fatiha, aka raba goro. Da maroƙi ya ɗaga murya ya ce an ɗaura, na juya na ga ƙanena ya sunkuyar da kai yana share ido da hannun riga. Ni ma sai da na nemi gefen hulata.

Da jama'a suka ragu, Baffa ya kwashe labarin kaf ya ba hedimasta, bai rufa mini asiri ko kaɗan ba. Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya sa aka juyo mana mai daga injinsa na ban-ruwa don mu koma gida. Da zai sallame mu ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, rannan kuna tsimin mai kuka makara. Yau kun tsaya a hanya kun iso da wuri. Ka koya wa ɗalibanka wannan lissafin."

Motar kuwa daga ranar ta rage shan mai da gaske, abokina bai yi ƙarya ba, ko da yake har yau in na shiga garejinsa sai ya ce ga mai gudun silo nan ya zo. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ni da nake tsayawa gaban allo kullum, ban yarda ƙarfe ma yana bukatar a ba shi lokaci ya saba da sabon abu ba. Ina tsimin abin da bai kai cikin kofi ba, na kusa jawo wa ƙanena asarar matar da yanzu ta haifa masa 'ya'ya biyu.

Baffa ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Amma har yau, in ɗalibi ya tsaya yana kame-kame a kan amsa na buɗe baki zan faɗa masa, ko ɗana yana fama da igiyar takalmi na miƙa hannu zan karɓe, sai in ji nauyin hannun nan a kan gwiwata ta dama. Sai in koma in zauna, in bar shi.