Guryar Baba ba ta sayarwa ba ce

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar mahaifinmu, Malam Iro masaƙi na Sandamu, Allah Ya jiƙansa. Da za a ba shi aron yini guda ya leƙo kasuwar Daura, na rantse kafin azahar zai roƙi a mayar da shi. Kuɗin fetur sun zo, kowa ya shige yadin roba yana ƙyalli kamar sabon kwano, yana tafe gumi na zuba, har ka shuka gero a bayansa ya tsiro.

Yadin nan ya fara shigowa Baba na da rai. Wani ɗan koli ya yi masa talla, wai ba ya yagewa, ba ya ruɓewa. Baba bai yi gardama ba. Ya yanki ƙyalle, ya haɗa da na saƙarsa, ya binne su a gona, ya aza dutse. Da kaka ya tara mu ya tone. Nasa ƙasa ta cinye tas, na robar kuwa ya fito garau kamar daga wanki. Ya ce, "Abin da ƙasa ta ƙi ci, ni ba na ɗora wa fatata." Ranar na yi dariya har da riƙe ciki. Yau da nake ganin tsummokaran robar maƙale a ƙaya, awaki na haɗiya suna kumbura, dariyar ta ragu.

Ya bar mana gona a bakin titi, da tulu guda na gurya, irin audugar da ya gada daga kakanmu. Gurya ba ta jiran mutum. In aka bar ta a tulu damina ta yi ta wucewa, mutuwa take. Yanzu wani ɗan kwangila na son gonar zai kafa gidan mai. Yayana Sale ya yarda, ƙannena sun yarda, saura ni.

"Kai Audu," in ji Yaya, "duniya ta yi gaba, kai kana nan rungume da tulu!"

Na ce, "Yaya, kayan aro ba ya rufe katara. Fetur a rijiya yake, rijiya kuwa tana ƙafewa. Audugar Baba duk shekara sai ta dawo."

An san ni da barkwanci, ban musa ba. Amma yatsan nan nawa ba zai dangwala a takardarsu ba, ko da za a turo mini tirela cike da shadda. In rabo suke so, a yanka mini kasona.

Masaƙar Baba gara ta cinye, rigunansa sun koma tsumma. Abin da ya rage na Baba shi ne irin nan, shi ma sai an ba ƙasa kowace shekara yake rayuwa. Shekaranjiya ruwa ya sauka, jiya na shuka. Ɗan kwangila sai ya jira in cire audugata. In na cire kuma, sai ya jira ta baɗi.