Kwanona Daban a Gidanmu na Kiyawa

Assalamu alaikum 'yan wannan zaure. Kun san ni da son mahawara da kafa hujja, amma akwai mas'alar da na kulle bakina a kanta tun ina ɗalibi. Yau na yanke shawarar bayyana ta.

Ina da farfaɗiya.

Ba mai kayarwa da kumfar baki ba. Tawa takan fara da wani ƙauri a hanci, kamar ana ƙona roba. Sai in ƙame ina lasar leɓe, hannuna na dama yana murza bakin riga. Ni ban san ana yi ba, sai dai in farga ana kallona.

Ta fara kama ni ne ina hutun jami'a, zamanin mulkin soja, muna tsaka da cin tuwo. A gidanmu maza faranti ɗaya muke ci a zaure, Baba yana tura wa kowa nama da yatsa. Washegari Inna ta kawo mini abinci ɗaki cikin sabon kwano.

"Kada ka ji haushi, Nasiru. An ce a yawu ake ɗauka. Ka dubi ƙannenka."

An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi. A asibitin Dutse aka ɗora ni a kan maganin fenobabiton. Barci ya yi mini katutu, ciwon kuwa bai fasa ba. Baba ya sayar da gyaɗar shekarar muka tafi Kano, aka manna mini wayoyi a ka domin gwajin ƙwaƙwalwa. Na tsorata ƙwarai, domin na ɗauka hauka za a tabbatar mini.

Likitan ya ce, "Daga sashe ɗaya na ƙwaƙwalwa yake tasowa, kuma mai taurin kai ne. Za mu yi ta gwada magani har mu dace. Alhaji, ba a ɗaukarsa, ko da cokali ɗaya kuke sha."

A motar dawowa na gabatar wa Baba cikakkiyar muhadara a kan illar camfi. Ya saurare ni har muka sauka.

"Malam Bature, ka gama? Ni na yarda da likita. Amma yaran nan suna da uwaye, kuma hankalinsu bai kwanta ba. Ka shekara bai tashi ba, ni da kaina zan kira ka."

Aka canza mini zuwa kabamazafin. Jiri, ganin abu bibbiyu, ɗibar jini a kai a kai. Sai in yi watanni lafiya, in fara sa rai, ƙaurin nan ya dawo, lissafi ya koma farko.

Daga ɗakina ina jin ƙarar faranti, da dariyarsu idan Yaya Sani, babban wanmu, ya ƙone baki saboda gaggawa. Alhaƙiƙa babu abin da na taɓa bege a duniya kamar a ture mini gwiwa a ce in matsa.

Na kammala digiri, na kama aiki a Dutse a shekarar da aka ƙaddamar da shari'a. A lokacin likita ya haɗa mini magani na biyu a kan na farko, yana ƙara awo sannu a hankali. Da wannan aka dace.

Shekarar da Baba ya ɗibar mini ta kusa cika sai ya kwanta jinya, bai tashi ba.

Bayan an share makoki, da aka ajiye faranti a zaure, Yaya Sani ya leƙo ɗakina.

"Fito. Baba ya ce mini idan bai kai ba, in kira ka."

Na zauna. Na sa hannu a farantin.

Yanzu ina cikin ƙoshin lafiya, ina shan maganina safe da yamma. Ina gode wa Allah, da likitan da bai gaji da ni ba, da Inna wadda tsoro ne kawai ya rinjaye ta. Allah ya jiƙan Baba.

Ga mai irin larurata: idan maganin farko bai yi ba, koma wurin likita, akwai wani. Kada ka daina sha don ka ga sauƙi. Idan azumi ya gabato, je a tsara maka lokutan sha tukuna.

Ga iyalansa kuwa: kada ku cusa masa cokali a baki, ku tsaya kusa da shi har ya farga. Kuma kada ku ɗibar masa wa'adi. Ku ci abinci da shi yau, tun kuna cikakku.